Kilobait 41: abin da ya rage mana na fuskar Inna

Duk abin da ya rage mana na fuskar mahaifiyarmu bai wuce wani ɗan ƙaramin fayil na hoto mai girman kilobait 41 ba. Na san adadin da ka, don na shafe kusan wata bakwai ina buɗe wannan fayil ɗin kowane dare. Na daɗe ina jan ƙafa wajen rubuta wannan labari, saboda akwai wuraren da ban fito da kyau ba a cikinsa. Amma masu turo mini hotunan mamatansu don in gyara musu sun yi yawa, kuma kusan dukanmu rami ɗaya muke faɗawa.

Inna ba ta son hoto. Tun muna yara, da zarar an ɗaga kyamara sai ta sa hannu ta kare fuska, ko ta tuna da wani aiki da ta bari a ɗaki. Kunya ce kawai, da kuma wushiryarta da take cewa ta cika faɗi. Mu kuwa wannan wushiryar ita ce dariyar Inna. 'Yan hotunan kati uku ko huɗu da aka yi sa'ar ɗaukar ta suna cikin wata jaka a ƙarƙashin gado, har wata damina rufin ɗakin ya yi yoyo ba wanda ya lura. Suka manne da juna, da aka ɓamɓare su sai fuskokin suka bi takarda. Ba wanda ya damu a lokacin. Mai fuskar tana nan da ranta, me za a yi da kati?

Ni kaɗai ne namiji, tsakanin Yaya da Auta, kuma aiki ya kai ni nesa da gida. Shekara biyu kafin rasuwar Inna ta samu shanyewar ɓarin jiki. Ta warware, har tana tafiya da ƙafarta, sai dai bakinta ya ɗan karkace ta hagu, fatar idonta na hagu kuma ta ɗan sauko. A zuwana na ƙarshe tana zaune bakin ƙofa, Auta ta faɗi wani shirme, Inna ta kwashe da dariya har ta manta da hannunta. Wayata na hannuna, na danna. Ta ji ƙarar.

"Kai ɗan nan, goge shi."

"To, Inna."

Ban goge ba. A daren na tura wa Yaya ta manhajar saƙo, muka yi ta dariya.

Bayan wata uku wayar ta ɓata a mota. Ban taɓa adana hotunana a wani wuri ba, kuma abin da ya dame ni a ranar lambobin mutane ne. Sannan na yi wa Inna alkawarin zuwa ƙarshen wata. Sau uku ina ɗagawa. Kullum sai ta ce, "Ba komai, ka tsaya kan aikinka, Allah ya yi albarka." Ana saura kwana tara ƙarshen wata na uku, Yaya ta kira ni da asuba. Ban samu Inna da rai ba. Allah ya jiƙanta da rahama.

Sai bayan mutane sun watse Auta ta tambaye ni hoton nan. Na ce yana wurin Yaya. Yaya ta ce ta sauya waya sau biyu tun lokacin, komai ya tafi. Muka shiga kiran dangi ɗaya bayan ɗaya. A ƙarshe aka same shi wurin wata 'yar kawunmu, ita ma ba daga Yaya ta samu ba. Wata ce ta ɗora shi, wata ta ɗauki hoton sikirin, ta yanke gefe, ta tura wa wata, ita kuma ta tura gaba. Ya bar hannuna yana da fiksel (ƙananan ɗigon da ke haɗuwa su zama hoto) 3000 a faɗi da 4000 a tsawo, wato fiksel miliyan 12. Ya dawo mini yana 480 da 640. Ko kashi 3 cikin 100 na abin da na ɗauka bai kai ba.

A kan waya, in ba ka zuƙo shi ba, Inna ce sak. Na sa aka wanke mini shi a babban kati don in rataya. Da na buɗe ambulan sai na ji kamar an mare ni. Fuskar ta farfashe zuwa ƙananan akwatuna kamar an jera tayil, jan ɗankwalinta ya zubo kan goshinta, gefen kunnenta kuma wasu ɗigo-ɗigo kamar sauro ya yi dandazo. Na kife katin a ƙasan akwati.

Wani abokina ya nuna mini wata manhajar waya mai aiki da ƙirƙirarriyar basira. Dannawa ɗaya ce. Kafin in ƙifta ido sai ga hoto tas, fata sumul, ido na ƙyalli, har zaren ɗankwali ana iya ƙirgawa. Na yi kuka a ranar, kukan daɗi. Na tura wa dangi, aka yi ta sa mini albarka, wasu suka sa shi a fuskar wayarsu. Yaya ce kaɗai ba ta ce komai ba. Sai bayan mako uku ta kira ni.

"Ƙanena, wace ce wannan da kake rabawa?"

"Haba Yaya, Inna ce mana."

"Ina wushiryarta?"

Na buɗe hoton tana kan layi. Haƙora ne jere reras, farare, ba tsaga ko kaɗan. Bakin a miƙe. Idon hagu a buɗe daidai da na dama. Ɗan tabon da ke saman girarta tun ƙuruciya babu shi. Wata kyakkyawar dattijuwa ce mai kama da danginmu, sanye da kayan Inna, zaune bakin ƙofar Inna.

Na yi wa Yaya tsawa. Na ce mata ita ba ta tsinana komai ba sai kushe. Na kashe waya. Mun yi wata biyu ba mu yi magana ba, mu da ba mu taɓa kwana da fushin juna ba.

Abin da ban gaya wa kowa ba sai yanzu shi ne dalilin tsawar. Mako uku ina kallon wannan hoton safe da dare, kuma ban lura ba. Da na rufe ido a daren don in tuno fuskar Inna, fuskar matar nan ce ta zo mini, da haƙoranta reras. Na rasa jana'izarta saboda aiki, yanzu kuma da hannuna ina goge ta daga kaina. Garin neman gira na kusa rasa ido. Barci ya ƙaurace mini. Na rame, aiki ya fara taɓarɓarewa, har aka kira ni aka yi mini kashedi.

A wurin aikinmu akwai wani dattijo mai tsara zane-zanen da muke bugawa. Wata rana bayan an tashi na nuna masa hotunan biyu, na ce, "Malam, don Allah akwai manhajar da za ta dawo mini da na asali?" Ya zuƙo ƙaramin har akwatunan suka cika sikirin, ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "Abin da aka zubar ba ya cikin fayil ɗin nan. Amma abin da ya saura ya fi yadda kake zato. Datti ne ya rufe shi. Ka fara sanin yadda aka ɓata shi tukuna."

Da wannan maganar na fara karatu, tun da dama ba barcin nake yi ba.

Hoton JPEG ne, tsarin da aka amince da shi a 1992, wanda har yau shi ne ya fi yawa a wayoyi da intanet. Hoto mai fiksel miliyan 12, in ba a matse shi ba, yana cin kusan megabait 36, don kowane fiksel yana buƙatar lamba uku: ja, kore da shuɗi. JPEG kan mayar da shi megabait 3 ko 4 ba tare da ido ya ga bambanci ba, kuma dabara biyu yake yi. Ta farko, yana raba haske da launi. Idon mutum ya fi kula da haske da duhu a kan launi, saboda haka sau da yawa akan ajiye launi ɗaya tal wa kowane fiksel huɗu. Abin da ya sa jan ɗankwali ya zubo kan goshi ke nan. Ta biyu, yana yanka hoton zuwa akwatuna masu fiksel 8 a faɗi, 8 a tsawo, ya bayyana kowane akwati a matsayin gaurayen zane 64, tun daga fili shafe har zuwa zane mai ƙananan ɗigo. Sai a raba lambar kowane zane da wani adadi, a mayar da sakamakon cikakkiyar lamba mafi kusa, a zubar da canji. Ka ɗauka ana rabawa da 10: 47 zai dawo 50, ba a yi asara sosai ba. Amma 3 zai koma sifili, kuma daga sifili ba wanda zai iya gane ko 3 ne, ko 1, ko 4. Ƙananan zane-zanen nan su ne suka fi komawa sifili, kuma a cikinsu gashin gira yake, da tamojin fata, da siririn tabo.

Duk sanda aka buɗe hoton aka sake adana shi a JPEG, sai a sake zubar da canji. In kuma an yanke gefensa, akwatunan sukan goce daga inda suke, sabbin layuka su hau kan tsofaffi. Hoton Inna ya bi ta wannan injin aƙalla sau biyar. Na ƙirga: akwatuna 4,800 ne a duk hoton, fuskarta ta ci kamar 11 a faɗi, kowane ido kuma akwati biyu kacal. Manhajar can ba ta ga wushirya ba, ta ga wani duhu ne a tsakiyar fari, ta ɗauka datti ne, ta cike wurin da irin haƙoran da ta saba gani a dubban fuskokin da aka horar da ita da su. Daga baya na karanta cewa a 2020 an gwada wani tsari mai suna PULSE, na masu bincike a Jami'ar Duke ta Amurka, da farfasasshen hoton Barack Obama, sai ya fito da fuskar wani Bature. Ashe ba ni kaɗai ba ne.

Na daɗe ina jin haushin wannan lissafi na matse hoto, wanda tushensa wani injiniya ne haifaffen Indiya, Nasir Ahmed, da ya kawo shawararsa a 1972 aka wallafa a 1974. Sai wani dare abin ya faɗo mini: ba don matsewar ba, da hoton bai yi sauƙin yawo daga waya zuwa waya ba, da ya tafi tare da wayata a motar nan. Abin da ya ɓata shi, shi ya tsirar da shi. Haushin ya ragu, ko da yake bai tafi duka ba.

Na sauke GIMP, wata manhajar gyaran hoto a kwamfuta, don kyauta ce, wasu ɗalibai biyu ne suka fara ta a 1995 kuma har yau ana inganta ta. Makon farko gyaran gangar auzinawa na yi. Na ga hoto dishi-dishi, na ce ƙara masa kaifi zan yi. Ashe matatar kaifi, wato filta mai ƙara wa hoto kaifi, ba ta san bambancin gefen ido da gefen akwati ba, duk inda ta ga layi sai ta ƙara masa ƙarfi. Akwatunan suka fito ɓaro-ɓaro. Mafi muni, ina gyarawa ina adanawa a kan fayil ɗin, a JPEG, sau wajen goma. Da na gane abin da nake yi sai gumi ya karyo mini. Allah ya taimake ni 'yar kawunmu ba ta goge nata ba. Malam ya ce in roƙe ta ta turo shi a matsayin fayil, kamar yadda ake tura takarda, don ta wannan hanyar yawancin manhajojin saƙo ba sa taɓa shi. Na adana shi wuri uku, na ɗauki kwafi na mayar PNG, wanda ba ya zubar da komai ko sau nawa aka adana, na yi alkawari ba zan ƙara taɓa na asalin ba.

Sannan na koyi jerin aikin, don a wannan sana'a abin da ka fara da shi ya fi abin da ka iya muhimmanci. Launi ne farko. Na rarraba hoton a tsarin da ake kira Lab, inda haske ke zama shimfiɗa ɗaya, launi kuma shimfiɗa biyu. Da na kalli shimfiɗun launin su kaɗai sai da na tsorata, duk ɓarnar tana can, manyan faci kamar tsohon bargo. Na dusashe su kaɗan, na bar hasken yadda yake, na sake haɗawa. Rabin munin hoton ya tafi a nan, ba tare da na taɓa siffar fuskarta ba. Jan da ya zubo kan goshi kuma na share shi a hankali, ina ɗebo launin fatarta daga kumatu, a shimfiɗar da ke sauya launi kawai.

Hasken ne ya ci mini watanni. Akwai matata mai dusashe wuri in bambancin fiksel da maƙwabcinsa kaɗan ne, ta ƙyale shi in bambancin babba ne. Layukan akwati a kan kumatu bambancinsu kaɗan ne, gefen ido kuwa babba ne, saboda haka in ka samu ma'aunin daidai sai layukan su narke idon ya tsaya. In ka wuce gona da iri, fata ta koma kamar roba. Na yi ta gwaji, ina ƙara ɗaya ina rage ɗaya. Kowane gyara a shimfiɗarsa daban, da abin rufewa, yadda zai kama bango da tufafi sosai, ya taɓa kumatu kaɗan, ya tsallake baki da ido gaba ɗaya. Bayan an tsaftace ne ake faɗaɗa hoto, in ba haka ba dattin za ka faɗaɗa. Kaifi shi ne na ƙarshe, ɗan mitsitsi. Sai wata dabara da na yi wa gardama da farko: a yayyafa wa hoton ƙananan ƙwayoyi kamar rairayi. Wai ka gama share datti ka dawo ka zuba wani? Amma da gaske ne. Fatar da ta yi santsi fiye da kima ido ba ya yarda da ita, ƙwayoyin kuma suna ɓoye matakalar da kan fito a inda haske ke sauka zuwa duhu.

Ban yi gaba da ƙirƙirarriyar basira ba, kar a fahimce ni a karkace. A kwamfutar Malam akwai Photoshop, shirin gyaran hoto na kamfanin Adobe, wanda tun 2020 yake da matata ta musamman don cire tabon JPEG, a 2021 kuma kamfanin Adobe ya ƙara wata mai ninka faɗi da tsawon hoto. Mun yi amfani da irinsu a kan ƙofa, da bango, da zanen Inna, sun kuma yi aikin da hannuna ba zai iya ba. In sun ƙirƙiro tsagar katako da babu ita, ba wanda aka cuta. Fuska ce na hana su.

Duk da haka bakin bai fita ba. Wushiryar tana nan kamar inuwa, in ka san da ita ka gan ta, in ba ka sani ba shi ke nan. A nan ne dole ta sa na kira Yaya. Na daɗe riƙe da wayar kafin in danna.

"Yaya, ki yafe mini. Gaskiyarki ce, ba ita ba ce."

Ta yi shiru, sannan ta ce, "Na san abin da ke cin ka. Ba kai ka ɗauki ranta ba. Ko kana nan, lokaci ya yi." Ban taɓa gaya mata ba, ashe ta sani. Muka yi kuka tare.

Ita ce ta sake bin dangi, wannan karon da tambaya ta daban: kowa ya duba girman nasa. Bayan mako biyu aka samu wani kwafi mai 720 da 960 wurin wata ƙawar Auta. An rubuta addu'a da manyan haruffa a kansa tun daga wuya har ƙasa, shi ya sa tun farko ba wanda ya kawo shi, an ɗauka ya ɓaci. Amma fuskar ba abin da ya taɓa ta, kuma hannun da ya bi bai kai na wancan yawa ba. Na ɗora shi a kan na farko, na daidaita su ido kan ido, na ɗauki kai daga wannan, jiki daga wancan. Da na zuƙo bakin, sai ga tsagar nan tsakanin haƙora, fiksel uku ko huɗu, baƙaƙe. Ban taɓa sanin fiksel huɗu za su iya sa ƙato ya durƙusa ba.

Na haƙura da babban kati. Don hoto ya fita sosai a takarda ana son fiksel kamar 300 a kowane inci, wato kati mai inci 4 da 6 yana buƙatar 1200 da 1800. Da na ninka namu sau biyu ya kai 1440 da 1920, iyakarsa ke nan. Shi na wanke, guda uku. Idon hagu har yanzu dishi-dishi yake, don inuwar ƙofa ta faɗa a kansa, kuma wuri mai duhu ba abin da ya saura a cikinsa. Na iya kwafo na dama in juya shi in liƙa, aikin minti biyar ne. Na yi, na kalla, na goge.

Yanzu shekara uku ke nan. Ina gyara wa mutane hotuna a ƙarshen mako, kuma kafin in buɗe kwamfuta nakan tambaye su abu biyu: wa kuma yake da kwafin hoton nan, kuma mene ne a fuskar mutumin da in babu shi ba shi ba ne? Wasu su ce tabo, wasu su ce yadda yake kanne ido in yana murmushi. Wasu kuma sukan ce su dai a yi musu mai kyau tas, sun san ba shi ba ne sak amma shi suke so. Da ina musu da su. Yanzu nakan yi musu biyun, in rubuta a bayan kowanne abin da yake, in bar su da zaɓinsu. Nakan kuma roƙe su, kafin su tafi, su tura wa wani hotunan iyayensu da ke raye a matsayin fayil, yau ba gobe ba.

Ranar da na kai wa Yaya nata katin, ta riƙe shi nesa da fuska kamar yadda na ce mata, sannan ta matso da shi duk da haka. Ta sa ɗan yatsa a kan bakin. Ba ta ce ya yi kyau ba. Cewa ta yi, "Da ta gan shi da ta ce ka goge." 'Yar Auta ta leƙo ta tambaya me ya sa idon Kaka ɗaya yake barci.

Hoton matar can mai haƙora reras yana nan a kwamfutata, cikin wata jaka da ba na buɗewa. Har yanzu wasu dangi shi ne a fuskar wayarsu, kuma na daina yi musu magana. Sau biyu ina kai hannu zan goge shi, ina fasawa. Kayan Inna ne a jikinta.